Hannun Mai Kitso

Ciwon ya fara mata ne a shago, tana tsakiyar kan wata mata. Ta tsaga gashin, ta kama sili uku, sai ta tsaya tana kallonsu kamar ba ta taɓa ganin gashi ba. Matar da ke zaune a gabanta ta ce, "Anti, lafiya?" Ita kuwa ta tambaye ta wace ce ita, me kuma take nema a nan. Kafin a kira mijinta jikinta ya yi zafi zau, ta fara fizge-fizge.

Mijin mai gyaran famfo ne. Ya zo asibiti da jakar kayan aikinsa a kafaɗa, gwiwoyin wandonsa a jiƙe, don daga ƙarƙashin wurin wanke-wanken wani gida aka kira shi. Bai ajiye jakar ba sai da aka ba matarsa gado, ya tura ta ƙarƙashi.

An ɗebi ruwa a bayanta aka gwada. Likitan, wani siririn mutum mai magana a hankali, ya ce ƙwayar cuta ce ta hau mata ƙwaƙwalwa, irin wadda kan fito wa mutum a gefen leɓe bayan zazzaɓi, sai dai tata ta ɓata hanya. Ya ce akwai magani, ta jijiya ake ba da shi, sau uku a rana, kuma za a daɗe ana yi.

"Kada a tsallake ko ɗaya," in ji shi. "Duk wanda bai shiga jikinta ba, cutar ce ta samu wuri. In muka yi sakaci, ko ta tashi ba za ta san ku ba."

Mai famfo ya riƙe wannan magana kamar karatu. Akwai wata maganar da ke tafe da ita, cewa maganin nan a cikin jijiya kaɗai yake magani, in ya fita ya shiga nama ci yake yi kamar sodar wanki. Wannan ba wanda ya faɗa masa. Ba ɓoyewa aka yi ba. Magana ce ta ma'aikata, ba wanda ya ga dalilin gaya wa mai jinya.

Ɗakin mata ne dogo, gadaje jere biyu, kowanne da ƙarfen rataye ruwa a gefensa. A ƙarshen ɗakin akwai famfon wanke hannu da ke ɗiga ba fasawa, an ajiye masa bokiti. Mai famfo ya jure kwana ɗaya. Washegari ya jawo jakarsa, ya kwance kan famfon, ya sa masa sabuwar roba, ɗigon ya tsaya. Masu jinya har da tafi. Daga nan ya gyara ƙafar wani gado, ya ɗaure noti a ƙarfen ruwan wata tsohuwa. Nas ɗin da ke riƙe da ɗakin da rana, wata gajeriya mai saurin tafiya, ta ce da za a ba ta zaɓi da ta sallami matar ta riƙe mijin.

Tare suke jinyar da ƙanwar matarsa, autar gidansu, wadda kowa ke kira Auta duk da ta yi 'ya'ya uku. Tun ranar da ya auri yayarta ba ta bar shi ya huta ba.

"Injiniya," ta ce, "tun da ka gama da famfon, ka leƙa ɗakin tiyata mana. Wataƙila suna neman mai kwance mutane."

"Ke zan fara kwancewa. Bakin nan naki yoyo yake."

"Sa masa roba."

Dariyar kan tsaya da zarar sun dubi gadon. Matar tana kwance idanunta a buɗe, ba ta san su ba. Wani lokaci yatsunta kan kama bakin zanen gado suna tufka shi, sili bisa sili, da saurin da mata ke tsallake unguwanni saboda shi. Wani lokaci ta yi ta kiran wuta. Shago ya kama da wuta, matashin kai wuta, a fitar da yara, alhali yara ba ta da su. Da farko sukan tashi su dudduba. Daga baya suka saba, sai su ce mata an kashe.

Maganin yana cinye jijiya. Allurar da aka sa a hannun hagu ta yi kwana biyu wurin ya yi ja ya yi tauri, aka matsa sama, nan ma haka. Ranar da nas ta kama bayan hannun dama tana buga shi da yatsa, mai famfo ya miƙe.

"Sista, da wannan hannun take neman abinci."

"Na sani, Injiniya. Nuna mini wata jijiyar in sa. Ka ga hagun da idonka."

Ta sa, ta manne da filasta. Matar ta yi ta kai hannun hagu tana neman fizge abin, don haka Auta ta cire ɗankwalinta ta ɗaure wuyan hannun daman a jikin ƙarfen gado, sako-sako, sannan ta rufe shi da zane. Ta ce in ba ta ganin allurar za ta manta da ita. Haka kuwa aka yi, kowa ya yaba dabarar.

Ranar da abin ya faru, da rana tsaka ne. Auta ta tafi gida wanka da duba yaranta. Nas ta zo ta rataye ledar maganin, ta murza ɗan tayan da ke jikin siririn tiyon har ɗigon ya daidaita, ta ce a bar shi ya tafi a hankali. Ba ta kai bakin ƙofa ba aka kwarma ihu a gadon ƙarshe, tsohuwar nan ta daina numfashi. Aka ja labule, duk mai farin kaya ya shige.

Mai famfo yana zaune yana kallon ɗigon, aikinsa ke nan tun da suka zo. Ya ga ya fara nauyi. Ɗigo ya taru a baki, ya daɗe yana lilo kafin ya faɗi. Na bayansa ya fi shi daɗewa. Sannan ya tsaya cak, ledar ko kwata ba ta ragu ba.

Ya je bakin labulen ya ce, "Sista, ruwan ya tsaya."

"Ina zuwa!"

Ya dawo ya zauna. Ya sake tashi, ya sake kira, wannan karon ba wanda ya amsa, sai ƙarar gado da muryar likita yana ba da umarni. Ya dubi matarsa, ya dubi ledar. Duk wanda bai shiga jikinta ba, cutar ce ta samu wuri.

A wurinsa ruwan da ya ƙi tafiya ba abin tsoro ba ne, da shi yake ci da sha. Dalilansa sanannu ne: ko iska ta shiga bututu, ko wani abu ya toshe, ko tanki ya yi ƙasa. Ya bi tiyon da yatsa daga sama, bai ga lanƙwasa ba. Ya ɗan ɗalle shi ko iska ce. Ya kwance notin ƙarfen, ya ɗaga sandar iya tsawonta, ya ɗaure. Ɗigo ɗaya ya faɗo. Ya murza ɗan tayan ya buɗe shi gaba ɗaya, ɗigon ya dawo amma da kyar. To, toshewa ce, kuma toshewa ƙarfi take so. Ya sa hannu biyu ya kama ledar ya matsa.

Da farko ta yi masa gardama, sannan ya ji ta saki, irin sakin da ya sani a tafin hannunsa in datti ya wuce. Ruwan ya zubo kamar zare.

Matar ta gantsare. "Wuta," ta ce. "Hannuna. Wuta."

"An kashe," ya ce. "Yi haƙuri, yanzu zai wuce."

Bai ɗaga zanen ba. Duk bututun da ya taɓa gyarawa ya san inda ya ƙare, yakan je ya ga ruwan ya fito da idonsa. Wannan ƙarshensa yana ƙarƙashin zane, taku ɗaya daga inda yake tsaye, kuma bai je ba. Ya matsa har ledar ta lafe. Sannan ya sauke sandar inda take, ya mayar da ɗan tayan inda ya same shi. Ko shi kansa daga baya bai iya rabe dalilin ba: al'adar ma'aikaci ce da ke barin wuri yadda ya tarar, ko tun a lokacin wani abu a ransa ya san bai kamata a ga ya taɓa ba.

Tsohuwar ba ta tashi ba. Nas ta fito idanunta jajir, ta ga leda ta ƙare, ta ce madalla, ta rataye ruwan gishiri a madadinta, ta wuce wurin shirya gawa. Ta jima kafin ta dawo, kusan tare da Auta suka shigo. Ta ga ruwan gishirin ya ɗan ragu kaɗan ya tsaya. Ta yaye zanen.

Hannun ya kumbura suntum tun daga yatsu har ya wuce wuyan hannu, fatar ta miƙe tana ƙyalli, ɗankwalin da aka ɗaura sako-sako ya nutse cikin nama. Auta ta yi salati. Nas ta rufe tiyon, ta kwance ɗaurin, ta aika a kira likita.

Ya zo ya danna wurin da yatsa, ya duba farce, ya ce allurar ta fita daga jijiya, ruwa ya taru a ƙarƙashin fata. Abin da yake son sani shi ne wane ruwa.

"In na gishiri ne ba komai, a ɗaga hannun, zai sace da kansa. In maganin ne, wata magana ce. Sai in kira likitan tiyata yanzu, a yi wa wurin allurai, a tsaga a wanke tun bai fara ci ba. Ba na son a tsaga mata hannu a banza, ba na kuma son a jira in shi ne."

Nas ta ce ta sa maganin yana tafiya daidai, ta dawo ta tarar ya ƙare. Da allurar ta fita tun lokacin, ai da ya tsaya bai ƙare ba. Likitan ya gyaɗa kai, ya juyo wurin mai famfo.

"Kana nan lokacin?"

"Ina nan."

"Maganin lafiya ya tafi? Bai tsaya ba?"

Nas ta manta ya kira ta, ko kuma a cikin hayaniyar ba ta ma san abin da ta amsa ba. Auta ce ta riga shi magana.

"Likita, wannan ko ƙiftawa ba ya yi. Ɗigon nan ya fi kallon matar tasa. In ya ce maka ya tafi, to ya tafi."

Su uku suna kallonsa, ba mai zargi a cikinsu. Da da zargi a fuskar wani, wataƙila da ya faɗa, ko don kare kansa. Amma yarda suka miƙo masa, kuma ya ga faɗar gaskiya na nufin ya tsaya a gaban ƙanwar matarsa, a ɗakin da aka tafa masa, ya ce shi ne. Ya kuma gaya wa kansa ruwa ruwa ne, duk inda ya taru zai tsotse.

"Lafiya ya tafi," ya ce.

Aka ɗora hannun a kan matasai biyu, aka ce a sa ido.

Da yamma kumburin ya ɗan ragu, Auta ta ce alhamdu lillahi, har ta tsokane shi cewa ya saki fuska, ba gidansa ne ya yi ambaliya ba. Ya yi murmushi. Amma shi ya san aikin ruwa a cikin bango. Ranar da bututu ya fashe ba a ganin komai, fenti na nan fes. Sai daga baya ya tashi, ka sa yatsa ka ji simintin ya zama gari. Sau biyu ya miƙe ya nufi ofishin likita. Na farko ya tarar da layi ya dawo. Na biyu ba kowa a ƙofar, ya tsaya, ya wuce banɗaki.

Da safe bayan hannun ya yi bororo manya-manya cike da ruwa, fatar da ke kewaye ta yi ja ta fara komawa shuɗi. Likitan ya duba wurin sosai. Sannan ya ce ruwan gishiri ba ya yin haka. Shugabar nas-nas ta kira gajeriyar nan gefe, amma muryarta ta kai ko'ina: wane irin sawa ta yi, sau nawa ta duba, me ya sa aka bar hannun a rufe. Nas ɗin tana tsaye hannuwa a baya.

Mai famfo ya bi likitan har baranda. Ya faɗa masa duka, tsayawar, sandar, ɗan tayan, matsawar. Ya faɗa da kalmomin sana'arsa don ba shi da wasu.

"Kamar nawa ya rage lokacin da ya tsaya?"

"Kusan duka."

Likitan ya cire tabarau ya murza ido. "Jiya na tambaye ka."

"Ka tambaye ni. Likita, da na faɗa jiya, da hannun ya tsira?"

"Ban sani ba. Da mun gwada. Wani lokaci in aka wanke da wuri fata kaɗai ke tashi, wani lokaci a wanke kuma ya ci abinsa. Ba zan ce maka da ya tsira ba. Ba kuma zan ce maka da duk ɗaya ne ba, don ƙarya zan yi." Ya mayar da tabaran. "Ni ma da na ɗauki mafi muni na yi aiki da shi, ban tsaya kan maganar mai jinya ba. Ita ma da ta ɗaga zanen. Kowa zai samu rabonsa in rabo kake nema. Hannun dai ɗaya ne."

Auta tana bakin ƙofa, ta ji komai. Ba ta yi ihu ba, abin da ya fi tsammani ke nan. Ta ce, "Ni na ɗaure, ni na rufe, wannan nawa ne, zan ɗauka. Amma ni ban san komai ba lokacin da aka yi tambaya. Har shaida na ba ka." Ta gyara mayafinta. "In ta tashi ba zan gaya mata ba. Kai za ka gaya mata."

Daga ranar ba ta sake ce masa Injiniya ba. In magana ta kama sai ta ce mijin Yaya, ta gaishe shi da ladabi kamar baƙo.

Nas ɗin ba a kore ta ba, an mayar da ita wani ɗaki. Ranar da za ta tafi ya tare ta zai ba ta haƙuri, ta ce, "Ka kira ni, ko? Daga baya na tuna." Ta wuce da saurinta.

Aka sa wa matar wata allura a jijiyar wuya, maganin ya ci gaba da shiga. Shi ne dai maganin, leda iri ɗaya, kuma yana aikinsa. Zazzaɓin ya sauka. Kiran wuta ya ragu har ya tsaya. A lokaci guda kuma bayan hannun yana yin baƙi, ya bushe ya yi tauri kamar tsohuwar fatar takalmi, gefensa yana ruwa yana wari. Likitan tiyata ya ce sai an jira mataccen ya rabu da mai rai kafin a san iyakar abin da za a yanke.

Wata safiya ta buɗe ido ta dubi Auta ta ce, "Ke, wa ya yi miki wannan kitson? Kamar an yi da ƙafa." Auta ta fashe da kuka tana dariya. Matar ta juyo ta ga mijinta, ta ce, "Maigida, ka rame." Sannan ta tambaya ko an ƙarasa wa matar nan kanta, don ta bar ta da rabi. Sai bayan haka ta lura da hannunta a naɗe cikin bandeji kamar ƙullin kaya.

An shiga da ita tiyata sau biyu. A na farko aka cire mataccen naman. Ranar wankin ciwo mai famfo ya ga abin da ke ƙasa, wasu fararen igiyoyi a jere, waɗanda likitan tiyata ya ce su ke jan yatsu, kuma biyu sun taɓu. A na biyu aka yanko fata daga cinyarta aka lulluɓe wurin. Fatar ta kama. Likitan tiyata ya ji daɗi, ya ce an tsira da hannun, ba a yanke ko yatsa ba. Ta tambaye shi ko za ta yi kitso. Ya ce ta dage da motsa shi, a gani.

Ta dage. A gida tana matsa ƙwallon roba tun safe, tana tsintar wake ɗaya-ɗaya daga faranti zuwa kofi, tana jiƙa hannun a ruwan ɗumi tana lanƙwasa yatsun da hagu har hawaye su zubo. Babban yatsa da ƙananan biyu suka dawo. Manuni da na tsakiya suka tsaya a miƙe, in ta matsa musu su ɗan rusuna su tsaya. Mai famfo ya ɗauke mata wanki da shara da ɗaurin zane. Kullum da maganar yake tashi a bakinsa, da ita yake kwana. Ita kuwa ba ta tambayi yadda aka yi ba, ta ce abin da Allah ya rubuta ne.

Bayan watanni ta ce a buɗe shago. Ya share, ya goge madubi, ya kakkaɓe tabarma. Ba ta sanar da kowa ba sai matar nan da ta bari da rabin kai, wadda ta zo da murna tana cewa tun ranar ba wanda ya taɓa mata kai ta ji daɗi. Ya zauna a bakin ƙofa a kan benci yana jin su.

Tsagar ta fita sarai, da hagu ta ja ta. Ta kama sili uku. Kitso da manuni ake ɗebo gashi, shi ke zagayowa ya tsinto sabon sili ya tura ƙarƙashi, kuma shi ne ba ya lanƙwasuwa. Ta gwada da na kusa da ƙarami. Ta juya zama ta gwada farawa da hagu. Ta kai layi ɗaya har ƙeya a lokacin da da ta gama rabin kai, tana saki ya warware daga tushe. Ta tsefe ta sake. A karo na uku gashin ya zame daga yatsunta.

"Anti, ya yi kyau haka ma," in ji matar. "Wallahi ya yi."

"Kada ki rantse. Tashi ki je wurin mai kitson bakin kasuwa, ki ce ni na aiko ki. Ki ce kada ta ja miki gaban, gashinki ba ya son ja."

Matar ta ɗaura ɗankwali ta fita tana share ido. Mai famfo ya shigo ya tsaya. Matarsa tana zaune a kan kujerar kitso, hannun a kan cinya, facin fatar ya fi sauran haske.

"Akwai maganar da nake son gaya miki," ya ce. "Ranar da hannun nan..."

"Ka matsa ledar," ta katse shi.

Ya ɗago ya dube ta.

"Ba Auta ba ce, kada ka zarge ta. Na gan ka. Yawancin kwanakin nan ban san inda suka tafi ba, amma wannan yana nan. Kana tsaye hannunka biyu a sama, fuskarka irin ta in kana aiki. Na ce maka wuta ka ce an kashe." Ta ɗan yi dariya marar sauti. "Na daɗe ina jira ka faɗa. Maigida, don ni ka yi. An ce maka in bai shiga ba zan haukace, ka ga ya tsaya, kai kuma ba ka iya ganin ruwa a tsaye. Ko ni ce da abin da zan yi ke nan. Ban riƙe ka ba. Ka daina yawo a gidan nan kamar wanda ya yi sata."

Ga ƙofa an buɗe masa. Abin da ta gani ta yafe, kuma abin da ta gani gaskiya ne. Sauran ba ta gani ba, lokacin ba ta cikin hayyacinta. Auta ta ce ba za ta faɗa ba, likita ba zai bi ta gida ba. Ya ji irin shirun nan na ranar, mutum yana kallonsa da yarda yana jiran ya ce lafiya.

"Ba shi ke nan ba," ya ce.

Ya gaya mata tambayar likita, da abin da likita ya ce za a yi in maganin ne, da amsar da ya bayar. Ya gaya mata ya kai ƙofar ofis ba kowa ya wuce. Ya gaya mata har abin da likita ya ce daga baya, cewa ba a sani ba, wataƙila da ya tsira, wataƙila a'a. Bai rage ba, bai kuma ƙara don ya fi jin zafi ba.

Ta saurara har ya gama. Ta dubi hannun, ta gwada lanƙwasa manunin, ya tsaya inda ya saba tsayawa.

"Ya gaya maka za a iya wankewa."

"Ya gaya mini."

"A gabanka. Kana ji."

"Ina ji."

"Me ka ji tsoro? Duka za su yi maka?"

"Kunya," ya ce.

Ta maimaita kalmar a hankali, kamar tana auna ta. Ba ta yi kuka ba. Ta miƙe ta fara tattara kaya da hagu, matajai, tsinken tsaga, kwalaben mai, ta zuba a leda, ta ce a kai wa Auta ta raba wa masu so. Ya miƙa hannu zai taya ta, ta ce ya bari.

"Jakarka tana nan?"

"Tana waje."

"Ɗauko tsani wurin mai shagon gefe. Ka sauke allon."

Allon yana saman ƙofa, shi ya kafa shi da hannunsa shekarar da ta kama shagon, da hoton kan mace da aka zana da fenti. Ya jingina tsanin, ƙasan wurin ba daidai ba ne, ƙafa ɗaya tana lilo. Ya hau mataki biyu tsanin ya motsa, ya tsaya.

Ta fito ta tsaya a ƙasa, ta kama ƙarfen.

"Hau," ta ce. "Na riƙe."

Ya dubo ta. Ba shi take kallo ba, titi take kallo. Hannun hagu ne a kan tsanin, na daman ta sa shi cikin mayafi. Ya hau ya sa filaya a kan ƙusar farko. Ta yi tsatsa, sai da ya yi da ƙarfi.